Baitin da Na Yanke wa Malam Isyaku

Ba zan taɓa mantawa da walimar saukar da aka yi a unguwarmu a Gumel ba, ranar da aka yi mini fatihar da ba tawa ba.

Malam Isyaku na Gagarawa ya yi wata waƙa bayan shekarar yunwa, ya jero mutanen garinsu da suka rasu, har da matarsa Hajara. Waƙar nan kaɗai ya taɓa yi. Da idonsa ya fara rauni ya ba ni in kwafe masa, don na ɗan zauna a elementare, hannuna kuma yana da kyau a ajami.

Takarda ta ƙare mini saura baiti ɗaya, na ƙarshe, inda mai waƙa kan faɗi sunansa ya roƙi addu'a. Wurin layi biyu ya rage. Sai zullumina ya motsa (ni mutum ne da kan sake alwala sau uku): in akwai kuskure, ai Malam za a zarga! Sai na bar baitin, na sa sunana, na roƙi a yafe mini.

Kwafin nan ya bi fatake har Maigatari, ana ta kwafe shi.

Ranar walima wani baƙo ya rera ta, tsofaffi na share hawaye. Da ya kai ƙarshe ya kira sunana, ya ce, "A yi wa mai waƙa fatiha." Aka ɗaga hannu. Malam Isyaku na zaune kusa da ni, shi ma ya ɗaga.

Na bari aka ci gaba. Har aka shafa.

Malam ya dafa gwiwata, ya ce a hankali, "Ɗana, ashe kai ma ka binne Hajara?"

"Gafarta Malam, takarda ce ta ƙare."

"Sai ta ƙare a kaina? In na mutu, wa zai san ya sa ni a addu'a?"

Na miƙe, na faɗa wa jama'a gaskiya, aka sake fatiha. Ranin nan kaf na yi shi a ƙafa, daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar, ina farautar kwafi ina ƙara baitin. Bakwai na samu. Sauran suna can da sunana, har yau suna hana ni sukuni.

Yanzu in an ba ni kwafi, sunan mai abu nake fara rubutawa. In takarda za ta ƙare, ta ƙare a kaina.