Yadda Za Ka Gwada Bafal Matarka Ba Ta Sani Ba

Ni Idirisa na Sabon Gari, gwanin sauti (ni na naɗa kaina), na yi maka alkawari: bi matakan nan, za ka tabbatar bafal ɗinka, ƙaton akwatin sifika mai gurnani, yana aiki. Nawa kam ya yi.

1. Ɓoye shi a fili
In matarka irin Tsahara tawa ce, wadda ta rantse ran da akwatin kiɗa ya sake shigowa gidan nan ita za ta fita, to ka lulluɓe bafal da ƙyalle, ka ce kujera ka sayo. Ampli kuwa, na'urar ƙara sautin, tura shi bayan kabad.

2. Zaɓi gurnani
Sa katin memori mai sautin gwajin nan na can ƙasa, wanda kunne ba ya ji sai ciki. Bana ƙasar ma haka take: rediyo shiru, cikin kowa na kaɗawa. Wa zai zarge ka?

3. Murɗa har ƙarshe
Ba ka ji komai ba? Ƙara! In an ɗauke wuta, ka tafi fada shan shayi, ka manta ba ka kashe ba. Manyan gwanaye haka muke yi.

4. Tarbi surukarka
Ka dawo ka tarar da Inna Rahmatu daga Jiratawa, dashen albasa ya ƙage mata baya, an ba ta sabuwar kujera. Kana durƙushe kana gaisuwa, sai a kawo wuta.

5. Kada ka motsa
Kwanuka za su yi ta kakkarwa, kai ma haka. Inna ta lumshe ido: "Kai, ɗan nan, wace irin kujera ce wannan? Bayana ya saki!"
Tsahara ta ɗaga ƙyallen, ta dube ka, ta mayar. Sai ta yi murmushi. "Ai ke ya sayo wa, Inna. Ta masu ciwon baya ce. Ko ba haka ba, Malam?"

6. Ka ce haka ne
Ka ɗaure bafal ɗin a kan kabu-kabu da hannunka, har da ampli da katin. Kukan ka bari sai sun sha kwana.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ba da yawuna ba, kuma kada ka zo mini gida. Ran Juma'a ma ba na nan. Ina Jiratawa wajen gaisuwa, a bayan layin tsofaffin unguwa masu jiran kujerar Inna, ina dafe da ƙugu ina ƙaryar ciwon baya, ko a bar ni in ɗan zauna a kan bafal ɗina.