Wanzami a Masarautar Murjani

Masarautar Murjani ba ta fi tsawon gado ba. Tana cikin akwatin gilashi a falon wani attajiri. Ruwanta na gishiri ne da ake haɗawa a bokiti, ranarta fitila ce, igiyar ruwanta kuma wani ɗan inji ne ke kaɗa ta daga bayan duwatsu. Mazauna cikinta ba sa son a tuna musu da wannan. Suna da sarki, wani tsohon kifi mai ratsi-ratsi da ake kira Barmo, suna da waziri, ƙaguwa Jatau, kuma kowa yana da kogonsa a jikin murjani.

Abin da ya dame su shi ne gansakuka. Ta fara daga gilashi, ta hau duwatsu, ta shaƙe murjani har ya soma fari yana mutuwa. Dodannin koɗi da aka ɗora wa shara suna tafiya a hankali yadda suka saba, sai dai ba sa makara wajen rabon abinci.

Ana cikin haka mai gidan ya sako wani baƙo daga cikin leda. Shuɗin kifi ne mai rawayar wutsiya, a gindin wutsiyar kuma akwai ƙaya biyu masu kaifi da yake naɗewa kamar aska. Shi ya sa aka sa masa Wanzami. Gansakuka ce abincinsa.

Sarki ya tara majalisa a ƙarƙashin babban dutse. Waziri ya ɗaga ƙafarsa mai matsi ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi haƙuri da masu shara har gidajenmu sun zama kore. Ga wanda bai san kowa ba, ba ya jin kunyar kowa. A ba shi ikon shiga duk inda gansakuka take."

Gwaggo Tabawa, tsohuwar jatan lande da ke wanke wa kifaye raunuka, ta matso. "Allah ya ja zamanin sarki, na ga bakinsa, na kuma ga wutsiyarsa. Wannan ɗan babban teku ne, ya saba da fili. In ya cinye gansakukar, ina za mu ajiye shi, kuma me za mu ce ya daina?"

"Gwaggo," in ji Waziri, "a bari a ga ƙarshen gansakukar tukuna."

Aka yi dariya, aka ba shi ikon.

Wanzami ya yi aiki, wannan babu mai musu. Gilashi ya washe, murjani ya dawo da launinsa, aka ƙara masa sarautar Sarkin Tsabta. Ranar da ya cinye ragowar koren ƙarshe, ya yini yana kai da komowa daga wannan bango zuwa wancan.

Washegari ya shiga kogon wasu ƙananan kifaye bincike. Bai sami komai ba, bai kuma fito ba. Mai kogon da ya nemi bayani ya iso wurin Gwaggo Tabawa da tsaga a gefen ciki, miƙaƙƙiya, tsaf. Bayansa wasu suka biyo. Dodannin koɗi kuwa aka riƙa tsintar ƙoƙunansu a kife kan yashi.

Da ƙorafi ya yi yawa, sarki ya sake kiran majalisa. Ya ce cikin lallashi, "Sarkin Tsabta, mun gode. Aiki ya kammala. Sai ka mayar wa mutane kogunansu."

Wanzami ya yi gaisuwa yadda ya kamata. "Ranka ya daɗe, da ma haka ne. Amma gansakuka ba ta ƙarewa, ɓuya take yi. Da ta rasa dutse sai ta koma jikin masu rai, kuma mai ɗauke da ita ba ya sani." Ya zagaya sarki a hankali, ya tsaya a bayansa. "Ina ganin ɗan kore a ƙarƙashin ɓawon mai martaba."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ja da gefe, irin tafiyarsa ta gado, har ya tsaya kusa da Wanzami. Ya ce, "Ni ma na jima ina lura da shi. Ladabi ne ya hana ni faɗa."

Aka raka Barmo bayan duwatsu, wurin injin, domin a duba lafiyarsa. Gwaggo Tabawa ta bi su, aka ce mata ba a bukatar ta.

Jim kaɗan Waziri ya dawo ya sanar cewa sarki yana hutawa, Sarkin Tsabta zai riƙe masa. Ya tambaya ko akwai mai magana. Kowa ya gyara tsayuwa a sahu. Wanzami ya bi sahu yana duban jikin kowa, ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa.

Kafin ya kai ƙarshen sahun, wani ɗan kifi ya sauka ƙasa ya fara goga gefensa da yashi. Na kusa da shi ya bi. Can sai duk majalisar ta sauka, kowa yana gurzar jikinsa da ƙarfi, ɓawo yana tashi cikin ruwa yana ƙyalli, kowa kuma yana satar kallon maƙwabcinsa don ya ga ko an fi shi gurza.