Rasuwar Riƙau, Dattijon Kilif Mai Sukuru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, iyalan garejin ƙarshen layi suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobi da masu sayar da kayan mota, rasuwar dattijonsu kuma abokin aikinsu, kilif mai sukuru wanda aka fi sani da Riƙau. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, a ƙarƙashin motar mutane, bayan gajeriyar rashin lafiya mai yawan ƙara.

Ga waɗanda Allah bai nufa sun san marigayin ba: siririn ƙarfe ne mai kama da awarwaro, jikinsa tsaga-tsaga, da sukuru a kansa. A zagaya shi a bakin tiyo, a murɗa sukurun, shi kuwa ya rungume, ko ɗigon ruwa ba ya wucewa. Irinsa sun cika kasuwa, a kwano ake zuba su. Amma ana roƙon jama'a kada a faɗi haka a gaban Baba, wanda ya kafa garejin, musamman a wannan makon.

Baba ya haɗu da marigayin tun gashin kansa yana baƙi wuluk. Wata tsohuwar babbar mota aka kawo a farfasa, lagiretonta ya ruɓe, tiyon ya zama kamar danƙo, tsatsa ta cinye kome. Sai ga wannan kilif ɗin shi kaɗai yana ƙyalli, yana riƙe da tiyon da ya daɗe da mutuwa, bai saki ba don ba a ce ya saki ba. Baba ya kwance shi, ya goge da gefen rigarsa, ya jefa a aljihun gaba. A wannan aljihun ya zauna shekara talatin da ɗoriya. Uwargida ta sha wanke shi tare da rigar, ta sha kuma yin rantsuwar za ta jefa shi a shara. Ba ta jefa ba.

Marigayin mutum ne na jama'a. Ba a taɓa sayar da shi ba, aronsa ake bayarwa. Mota za ta shigo tana yoyon ruwa, mai ita yana sauri, daidai girman da ake buƙata kuwa ya ƙare a shago. Sai Baba ya sa hannu a aljihu, ya ɗaura Riƙau, ya kalli direban ido cikin ido ya ce, “Aro ne fa. Ka je ka dawo mini da shi.” Ta haka marigayin ya ga garuruwan da Baba bai taɓa takawa ba. Ya hau duwatsu, ya ƙetare gadoji, ya kai amare da masu naƙuda, ya dawo ko gajiya babu. Sau ɗaya ne wani direba ya riƙe shi damina guda cur, yana ta “gobe, gobe”. Baba ya bi sawunsa har wurin wankin mota, ya ɗaga bonet ba sallama, ya kwance abinsa, ya ɗaure masa tiyon da waya, ya yi masa fatan sauka lafiya.

A gida ma bai huta ba. Ya riƙe tiyon famfo, ya riƙe ƙafar kujerar da suruki ya karya, ya riƙe hannun babbar tukunya. Shi ya riƙe sirdin keken Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, tun daga ranar da ta fara koyo har ƙafafunta suka fi ƙarfin keken.

Ba mai yawan magana ba ne. In ana ɗaure shi yakan ce ƙirr, ƙirr, ƙirr, a hankali, kamar dattijo yana gyaran murya. In ya kama sai ya ce ƙit. Daga nan ba ka ƙara jin bakinsa.

Gaskiya ba ta hana alhini, don haka iyalan ba za su ɓoye cewa yana da nasa halin ba. In tiyo mai laushi ne, yakan cije shi har ya bar shaida. In injin ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, yakan ɗan saki jiki, sai an koma an ƙara masa murɗi. Wutsiyarsa doguwa ce, Baba ya hana a yanke, kuma babu babban yatsa a garejin nan da ba ta tsaga ba.

Zaman lafiyarsa ya fara samun tangarɗa ne lokacin da Auta ta dawo. Ta yi karatun gyaran mota, ta yi aiki a wani babban gareji, sannan ta ɗauko akwatin kayanta ta ce ta zo ta kama wa Baba. Da ita aka shigo da baƙi iri biyu. Na farko mai sifirin, wanda ake buɗe shi da filaya, a sake shi ya matse da kansa. Na biyu mai kunne, wani siriri maras kai, wanda ake matse ɗan kunnensa da filaya ta musamman, ya zauna daram, in kuwa za a cire shi sai dai a yanke.

Baba bai yi musu maraba ba. Mai sifirin ya sa masa suna Ɗan Tsalle, tun ranar da ɗaya ya kuɓuce wa filaya, ya ƙetare gareji, ya faɗa cikin kofin shayinsa. Mai kunne kuwa ko suna bai samu ba.

“Wane irin ma'aikaci ne wannan,” in ji Baba, “da ba ya zuwa aiki sai sau ɗaya a rayuwarsa?”

“Baba, kowa da wurinsa,” in ji Auta. “Tiyon da ke kumbura da zafi ya motse da sanyi, mai sifirin ne ke bin sa. Robar shaf kuwa juyawa take yi tare da taya, wurin ya matse, sai mai kunne, don ba shi da kan da zai bugi wani abu. Naka ma yana da wurinsa.”

“Nawa ko'ina wurinsa ne.”

Haka aka yi ta yi, da safe a yi musu, da rana a ci abinci a kwano ɗaya. Uwargida ta ce ita dai a daina kawo mata zancen kilif kan tabarma.

Ga yadda ajali ya zo. Akwai wata Malama mai makarantar koyon tuƙi, motocinta da dama, ɗalibanta kuwa ba sa barin su su huta da gyara. Auta ta daɗe tana bin ta a ba garejin aikin motocin. Ba ƙaramin abu ba ne, don rufin garejin yana yoyo, kuma tsofaffin abokan cinikin Baba sun fara ajiye tuƙi ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe Malama ta ce to, ga mota guda a gwada. Robar shaf ɗinta ce ta yage, wato robar da ke rufe gaɓar da ke juya tayar gaba, ta riƙe giris a ciki, ta hana ƙasa shiga.

Ranar Talata Auta ta yi sammako. Ta wanke gaɓar tas, ta cika giris, ta sa sabuwar roba, ta matse ƙaramin bakin. Da ta zo babban bakin sai ta ga mai kunne na wannan girman ya ƙare. Ta hau babur za ta kasuwa, har ta tayar ta kashe, ta leƙo.

“Baba, don Allah kada a taɓa. Yanzu zan dawo.”

“Ni da nake shan shayi?”

Ba ta daɗe da fita ba sai ga Malama, ta riga lokaci. Ta gaida Baba, ta kalli motar a kan jak, ta kalli agogo. Ta ce akwai ɗalibin da ke jiran motar. Ta sake kallon agogo. Baba ya ji abin har cikin ƙashinsa. Tunda yake, mota ba ta taɓa zama a garejinsa tana jiran kilif ba, alhali ga kilif a aljihu yana jin ɗumin ƙirjinsa. Ya ajiye kofin. Ya buɗe Riƙau har haƙoransa na ƙarshe, ya zagaya shi a bakin robar. Marigayin ya ce ƙirr, ƙirr, ya ce ƙit, kamar kullum. Bai nuna alamar wani ciwo ba.

Aka mayar da taya, aka fita gwaji, Malama a sitiyari, Baba a gefe yana ba ta tarihin garejin. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Da suka sha kwanar farko sai aka ji tak. Baba ya ci gaba da tarihi, da ɗan ƙarfi. A shataletale abin ya zama tak-tak-tak, kan sukurun yana dukan ƙarfen da ke kusa da shi duk juyin taya. Baba ya katse tarihin. Ya san muryar. Shekara talatin bai taɓa jin ta tana neman taimako ba.

“Malama, tsaya.”

Kafin ta taka birki aka ji ɓas, sannan wani ɗan ƙaramin ƙyal-ƙyal a kan kwalta, yana nisa.

“Motata ce ta mutu?” in ji Malama.

“A'a,” in ji Baba. “Wani ne.”

A nan bakin hanya Auta ta same su, da ledar masu kunne a rataye a babur. Ta durƙusa ta leƙa. Roba ta zame, giris ya yi fenti a cikin taya har kan birki. Ta miƙe tana goge hannu a jikin rigarta.

“Wannan ne aikin da aka yi ta yaba mini?” in ji Malama, idonta a kan Auta.

Auta ta buɗe baki za ta ba da haƙuri. Baba ya riga ta.

“Malama, aikin yarinyar nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tsinke nawa ne, ni na sa. Ta ce kada in taɓa, na taɓa.”

Waɗanda suka san Baba sun tabbatar ba a taɓa jin irin wannan magana daga bakinsa a gaban mai mota ba.

Auta ta ɗaga motar a jak, ta cire taya, ta wanke birki, ta sake cika giris. Baba na tsugune a gefe yana riƙe da notuna a tafin hannu. Da ta zagaya mai kunne a bakin robar, sai ta miƙo masa filayar ba tare da ta kalle shi ba.

“Baba, hannunka ya fi ƙarfi. Matse.”

Ya juya filayar, ya sake juyawa, ya ɗora a kunnen, ya matse. Filayar ta ce ƙas. Ya girgiza robar, ko motsi. Ya juya shaf ɗin da hannu, ba abin da ya taɓa kome.

“To, ba laifi,” ya ce. “Sai dai ba shi da fara'a.”

Malama ta ja motarta ta tafi, a gidan Baba kuwa aka wuni biyu ba mai cin abinci da daɗi. Ranar Alhamis sai ga motoci uku a jere a ƙofar gareji, ita da kanta a ta gaba. Ta ce rabin rayuwarta ta yi shi ne a kujerar gefe, tana zaune da mutanen da in sun bugi turken lantarki sai su ce turken ne ya matso. Ta ce ta daɗe ba ta ji wani ya ce “ni ne” ba. Sauran motocin, in ji ta, sai ta ga yadda waɗannan suka fito.

Game da gawar, Auta ce ta samo ta. Bayan Malama ta tafi ranar Talata, ta ce wa Baba za ta sayo ruwa, sai ta bi hanyar da ƙafa tana duba gefen kwalta. Ta tarar da jikin a bakin kwata, kan kuma can gaba kusa da mai faci. Ta naɗo su a tsumma ta ajiye wa Baba a kan benci. Idonta ya yi ja. Ta ce fetur ne.

Marigayin ya rasu ya bar abokiyar zamansa, sukundireba mai jan kai, wadda tun ranar ba ta shiga aljihun kowa ba. Ya bar tiyoyi da ba su ƙirguwa a motocin garin nan, kowanne da shaidar haƙoransa a wuya. Ya bar ƙanne cike da kwano, waɗanda Baba ya ce kama ce kawai. Ya bar Uwargida, wadda ta ce Allah Ya ba kowa haƙuri, sannan ta tambaya wa zai riƙe mata hannun tukunya in ya sake kwancewa.

An shimfiɗe marigayin a kan teburin aiki, bisa tsumma mai tsabta guda ɗaya da garejin ya mallaka, ga masu son yin bankwana. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya yi tayi, an raka shi har bakin titi. Za a sa marigayin a gwangwanin madara ranar Asabar da safe, a binne shi a gindin bangon gareji ta gefen inuwa, in an matsar da tsofaffin tayoyi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya kawo wani kilif da sunan maye gurbi, an gode. Wanda ya san yana riƙe da sifana mai lamba goma ta garejin nan, wannan dama ce ta dawo da ita cikin jama'a ba tare da an yi masa tambaya ba.

Baba zai karɓi gaisuwa a kan benci, daga safe har shayi ya ƙare. Masu zuwa da mota kuwa su wuce ciki kai tsaye. Ba sai an tsaya ana cewa Baba ya leƙa ya gani ba. Ya ce a sanar da kowa, daga wannan makon, a tambayi mai garejin, tana ƙarƙashin mota.