Ranar da Na Jiƙa Buhu

Na dawo daga Yamai da na'urar haƙar kiripto, wato kuɗin intanet, da kuma zaƙin baki. Bakin ne ya sa Kawu, dillalin shanu, ya sayar da bijiminsa ya zuba jari a kamfanina, wanda ni ne shugaba, ni ne kuma ma'aikaci.

Ran da ya zo da abokansa su ga yadda kuɗi ke fitowa daga na'ura, rana kamar ta fasa kai. Na'urar ta ɗau zafi tana gurnani.

"Yaro, lafiyarta kuwa?" in ji Kawu.

"Kawu, ku bar mini, wannan fannina ne."

Cikin natsuwar masana na jiƙa buhu sharkaf na lulluɓe ta, yadda muke sanyaya ruwan jarka. Har na ƙara mata moɗa guda. Sai muka ji fat! Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, dattawa suka yi waje ba takalmi.

Kawu ya daɗe yana kallon gawar na'urar, sannan ya ce, "Da bijimin muka gasa, da ko nama mun ci."

Har yau in wayar wani ta yi zafi a kasuwar Dakoro, sai a ƙwala mini kira: "Injiniya, kawo buhu!"