Yabon Yajina a Gidan Suna

Ni da na tsufa ina dakan yaji a Mpape, wai wani abu a cikin waya ne zai kama ni. Da 'yata Hadiza ta sa yajina a shagonta na intanet, sai da ta ja min kunne: "Inna, akwai manhajar da ke gano yabon bogi. In ta kama mu, rufe shagon za a yi." Na ce, "Abin da ko hanci ba shi da shi ne zai shinshino ni?"

Ranar suna a gidan maƙwabciyata, mata sun cika tsakar gida, na miƙe na ce kowa ta fito da wayarta. Rubutu ban iya ba, amma baki Allah ya ba ni. Ina faɗa suna rubutawa a shafin shagon Hadiza: "Yajin Inna ya tada mijina daga jinya." Har da zawarawa, har da 'yan matan da ko saurayi ba su da shi.

Washegari Hadiza ta shigo ko sallama babu. An dakatar da shagon, sai da ta yi ta roƙo aka buɗe. "Inna, mazan unguwa duk sun warke rana ɗaya, a gida ɗaya?" Sharhi ɗaya tal manhajar ta bari, na wata mata daga Bwari da ta sayi yajin da gaske: "Gishiri ya ɗan yi yawa."

Har yau in na fito, matan layinmu sai sun rusuna: "Likita, ina kwana? Maigida na tari, a auno mana cokali biyu."