Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Anko

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar yaye mu a Rano ba. Da jikokina na shiga ajin yaƙi da jahilci, da jikokina na koyi kwamfuta, kuma ni aka zaɓa in rubuta sunana a laftof gaban jama'a. Ƙanin maigidana, Ɗanladi, tun da na ɗauki biro yake kirana Farfesa. Har daga Lausu ya taho, wai zai ga ƙarshen ƙarya. Na ce ya zo da idonsa biyu.

Malam Sani, mai koya mana, ya ba ni laftof ɗin ajin in yi bita a gida. Ni kuwa tela ce, ba na barin abu mai daraja tsirara (rediyona ma da rigarsa). Sai na ɗinka mata riga da ragowar atamfar ankonmu, na sa soso ciki, na sa zif, na bar ƴar kafa ta wayar caji kawai.

Ranar yayen da hantsi, a wurin taro, na rufe murfinta ban kashe ba, na zuge zif, na jona ta a janareta. Aka yi ta jawabai har azahar.

Da aka kira ni na tashi ina taku ɗai-ɗai, na zauna, na zare ta na ɗora a cinya. Wayyo Allah! Kamar tandar waina. Na zabura na ƙwala ihu, lasifika kuma a bakina.

"Farfesa, ta yi cizo ne?" in ji Ɗanladi.

"Rufe min baki, ɗan nema!"

Malam Sani ya taɓa ta ya yarfe hannu. "Hajiya, barci take, ba kashe ta kika yi ba. Ga caji, ga soso. Ta ina za ta sha iska?"

Allon baƙi ƙirin, na danna na danna shiru. Mata na dariya har da hawaye. Ban gudu ba. Na ƙwace maficin wata baƙuwa na hau yi mata fifita kamar mai gasa masara, ni gumi, ita huci. Can ta buɗe ido. Da yatsa ɗaya na rubuta sunana, na juya allon saitin Ɗanladi.

"Karanta!"

Ya karanta, da ƙarfi kuwa.

Tun ranar na gane ba kowa ke son sutura ba. Rigar tana nan, a ciki nake sa kular tuwo. Ba ya hucewa har la'asar.