Ranar da Na Kashe Wayoyin Kasuwar Belbeji

Na sha tafka wauta a rayuwata, amma ta ranar kasuwar Belbeji, har ƙasa ta rufe idona ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Shekarar da uwargidana Hadiza ta tafi Makka ne. Kwana biyu da tashinsu ban ji muryarta ba, matar da ko motar Damagaram ta shiga sai ta yi amai. Na danna salula, shiru. Na hau tudu, shiru. Na dubi kasuwa, Buzu da Bafillace da mai tsire, kowa waya a kunne. Nan take na gano ciwon (ni da sati uku na yi a lakwal, makarantar boko): sun shanye rezo, wato sabis ɗin waya! Ai ko rijiya ce, in garke goma suka taru, bi da bi ake shayarwa.

Na kamo Ɗan Ladi sankira, ya yi shela kowa ya kashe wayarsa, mijin Hajiya zai kira Makka. Wallahi suka kashe! Dillalan raƙuma suka bar ciniki, mata suka kewaye ni, kowacce da addu'ar da za a kai mata. Na gyara rawani, na danna. Shiru. Na sake. Shiru.

Sai ga Musa ɗan ƙanwata, mai kula da eriyar garin.

"Kawu, lafiya?"

"Rijiyarku ce ta ƙafe!"

"Da can, ranar kasuwa takan cushe. Amma na'urar da muka ɗora bana da kanta take rabo. Kafin ka ƙifta ido ta zagaya kowa, mai magana ta ba shi kaɗan, mai kallon bidiyo ta ƙara masa, wanda ya yi shiru ta miƙa rabonsa ga wani. Kawo in gani."

Ya duba, ya ɗago kai a hankali.

"Kawu, wa ya danna hoton jirgin nan?"

"Ni mana!" na ce, har da buga ƙirji. "Ba a jirgi ta tafi ba?"

Ashe wannan hoton shi ke toshe waya. Kasuwa ta ɗauki dariya, har Ɗan Ladi ya zauna a ƙasa. (Tun ranar, hoton da ban sani ba sai dai mu gaisa daga nesa.)

Musa na cire jirgin, waya ta yi ƙara. Hadiza ce, lafiyarta ƙalau, murya ras.

"Malam, kwana biyu ina kira! Wai dariyar me nake ji haka? Me ka kuma yi?"